Ƙugin da Aka Cire

Wani dattijo na zaune a shagon kayan kiɗa tsakanin amfilifaya biyu, wato akwatunan ƙara sauti, jita a cinyarsa, rigarsa ta yi masa yawa. Tsirkiya ɗaya yake taɓawa, ya saurara, ya mayar da wayar jitar jikin ɗaya amfilifayan. Fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Baba, wannan yana kwaikwayon tsofaffin amfilifaya kala-kala," in ji mai shagon. "Wancan kuma sautinsa ya fi kauri."

"Na ƙanina yakan yi ƙugi tun kafin a taɓa jita. Wanne ke yi?"

"Ai wannan matsala ce, Baba. An cire."

Ni da ke gefe ina kallo, na ji a raina ƙanin ya rasu. Dattijon ya dafe tsirkiyoyin da tafinsa, ya kara kunne jikin amfilifayan, yana jiran ƙugin.