Faya-fayan Gwaggo a Kan Rufin Kwano

Shekaranjiya na bar murfin bokitin roba kusa da risho, gefensa ya narke. Abu ne ƙarami, kowace mace ta taɓa yin irinsa. Amma da warin ya bugi hancina sai na kashe wutar, na fita tsakar gida na zauna, na bar miyar a haka. Na san wannan warin tun ina 'yar shekara tara, ko goma, ba zan rantse ba. Haka faifan garmaho yake wari idan rana ta dafa shi.

Bari in faɗa maka tun da wuri, mai karatu, ni mace ce mai tsoron kuskure. A jami'a sai na karanta amsata sau uku kafin in miƙa takarda, yanzu ma a ofis haka nake yi da kowace wasiƙa. Saboda haka abin da ban tabbatar ba zan ce ban tabbatar ba. Abin da na gani da idona kuwa ba zan sassauta shi don kowa ba.

Gidanmu yana Gangaren Tudu a Keffi, babban gida mai sassa huɗu da bishiyar mangwaro a tsakiya. Lokacin muna ƙarƙashin jihar Filato, Abuja kuwa ba mu san ta ba sai a manyan motocin siminti da rodi da ke ratsa Keffi suna girgiza mana tagogi. Mai gidan shi ne yayan babana, muna ce masa Baba Babba. Malamin makaranta ne, kuma ana shirin naɗa shi dattijon ikilisiya. Ni yakan kira ni Uwata, don sunan kakarmu aka sa mini. Autar ɗakinsu kuma ita ce Gwaggo.

Gwaggo ta tafi Legas koyon ɗinki, sai waƙa ta ɗauke ta. Bayan shekaru makaɗanta suka watse, kamfanin da ya buga mata faifai ya rufe, ta dawo gida da keken ɗinki da kwali guda cike da faya-fayanta. A jikin kowanne akwai hotonta, gashi a tsefe ya tashi kamar lema, wando mai faɗin ƙafa, tana dariya da makirufo a hannu. Waƙoƙi takwas ne, huɗu a kowace fuska.

Ni ba masaniyar kiɗa ba ce, sai da na girma na koyi sunayen, wai sol, fank da rok. A lokacin abin da na sani shi ne waƙar farko tana buɗewa da ogan irin ta coci, a hankali, ka rantse safiyar Lahadi ce, har ka fara gyara zama. Sai wata gita mai kaurin murya ta shigo ta ƙasa, tana taku kamar mata uku a kan turmi ɗaya. Ganga ta bi ta, masu busa su faɗo gaba ɗaya, kafin ka ankara kafaɗarka ta fara motsi ba da izininka ba. A fuska ta biyu akwai wata gita mai kuka, mai ƙara kamar wuƙa a kan dutsen wasawa, Gwaggo kuma ba ta kauce mata ba, ta hau samanta da murya. Takan fara baiti da Turanci, ta juya Hausa, ta ƙarasa da yarenmu, wani lokaci har da irin guɗar da tsofaffinmu ke yi a gona ranar girbi. Muryarta tana da ɗan kaushi a ƙasa, kamar ta wanda ya tashi daga barci. A sama kuwa tas take.

Matsalar ita ce ba wanda ya san inda zai ajiye ta. Ta kai faifan gidan rediyo, mai shirin Hausa ya ce na Turawa ne, mai shirin Turanci ya ce na ƙauye ne. A coci aka ce kiɗan otal ne. Maƙwabtanmu Musulmi suka ji ogan suka ce waƙar coci ce. Mutum ɗaya na sani da ke saurara har ƙarshe, wata Bafulatana mai kawo mana nono daga rugarsu ta hanyar Gitata. Takan sauke ƙwarya, ta zauna a bakin ƙofar Gwaggo tana fifita da gefen zane, ta ce, "Ƙawata, sa mini mai kukan nan." Daga baya Gwaggo ta sa aka naɗa mata a kaset.

Ni kuwa ranar Asabar nake sauraro, kaina a kan cinyar Gwaggo tana mini kitso, tana bin kanta da kanta a hankali. Ita ta koya mini riƙe faifai ta gefe da tafin hannu biyu. Ta ce kada in taɓa fuskarsa, kuma kome za a yi kada in bar shi a rana, don rana ce ajalinsa.

Abin ya faru da bazara, lokacin da mangwaro ya nuna, rufin kwano yana ƙas-ƙas da tsakar rana, ƙadangaru ma suna neman inuwa. Gwaggo ta tafi Jigwada kai ɗinkin wata amarya. Da hantsi Baba Babba ya jingina tsani da bangon ɗakinta, ya fito da kwalin, ya kira ni.

"Uwata, zo ki taya ni. Kayan gwaggonki sun yi danshi, za mu shanya su."

Danshi, a watan da aka yi wata biyar ba a ga ɗigon ruwa ba. Ya hau, ni kuma na tsaya a ƙasa ina zare su daga jakarsu ɗaya bayan ɗaya ina miƙa masa, ta gefe, da tafin hannu biyu, yadda aka koya mini. Na san abin da zai faru. Bakina ya cika da magana, amma a gidanmu yarinya ba ta gyara wa Baba Babba zance. Ya jera su layi-layi a kan kwanon, har wanda ke kan garmahon ya ce in ɗauko. Sannan ya sauko ya zauna ƙarƙashin mangwaro yana duba littattafan ɗalibansa da jan biro.

Na sha tambayar kaina ko bai sani ba. Adalci ne ya sa nake tambayar. Amma yana da nasa faya-fayan na waƙoƙin sujada a cikin kabad, an lulluɓe su da farin ƙyalle, ko taga ba ya yarda a buɗe a kansu. Kuma a makon da ya gabata na ji babana yana gaya wa mamata cewa a taron dattawa wani ya ce mutumin da ƙanwarsa ke raba hotonta cikin wando bai iya riƙe gidansa ba, balle ikilisiya.

Kafin la'asar warin ya sauko tsakar gida. Gwaggo ta dawo, ta tsaya, ta ɗaga kai. Ita da kanta ta hau tsanin. Duk sun lanƙwashe, gefunansu sun tashi kamar busasshen ganyen ayaba. Ta sauko da guda, ta ɗora a kan garmaho, allurar ta riƙa hawa da sauka, muryarta tana fitowa a miƙe a lanƙwashe kamar ta mashayi. Yaran gida suka fashe da dariya.

Baba Babba ya ce, "Ash! Aikin rana ne. Wa ya sani? To, da sauƙi dai, dama ihu ne."

Gwaggo ta ɗan rusuna ta ce, "Yaya, sannu da aiki." Ta shiga ɗaki. Ba ta taɓa tambayar wanda ya miƙa masa su ba. Da ta tambaya, ina jin da ya fi mini sauƙi.

A shekarar aka naɗa shi dattijo. Gwaggo kuwa ba ta sake rera komai ba, ko a coci, ko a kan turmi, ko a kan kitsona. Ta zauna a bakin ƙofa da kekenta shekara da shekaru, aka yanke mana jiha, garin ya cika da ɗalibai da ma'aikatan Abuja masu neman haya mai sauƙi, tana ɗinka musu labule. Ta rasu da damina. Ranar gaisuwa sai ga Bafulatanar nan, ta tsufa ƙwarai, tana dogara sanda. Ta ja ni gefe ta kwance bakin zanenta, ta ba ni kaset.

Ta ce, "Maigidana ya yi kiwo da shi har Allah ya karɓe shi. Yara sun ce in yar, na ce a'a, yana da masu shi."

Na kai wa wani mai gyara a Abuja ya juye mini a waya. Sautin yana da shuu a bayansa, kuma a tsakiyar waƙa ta shida wani ya taɓa danna maɓallin naɗi, sai ka ji kukan saniya da dariyar wani mutum kafin Gwaggo ta dawo. Ban yarda a goge wurin ba.

Yanzu Baba Babba ya tsufa, ciwon suga ya taɓa masa ido, 'ya'yansa suna Legas da ƙasashen waje. Duk mako biyu yana ganin likita a Abuja, ni ce mai mota a kusa. Ba wanda ya tilasta mini. Ba na latti, ba na manta katinsa, nakan riƙe masa hannu a matakala. Ina so ka san wannan kafin ka ji sauran.

Ranar farko, da muka bar gari, na haɗa wayar da lasifikar mota. Ogan ta fara. Ya ɗan gyara zama, sai gitar nan ta shigo.

"Uwata, mene ne wannan?"

"Waƙa ce, Baba."

Ya saurara har muryar Gwaggo ta fito. Sannan ya ce, "Kashe."

Ban taɓa ce wa babba a'a ba a rayuwata. Na ce, "Ku yi haƙuri, Baba, ba zan kashe ba."

"Ke da kika yi digiri, wannan ce tarbiyyar?"

"Ku kuka koya mana in an fara abu a gama shi."

Da can daga Keffi zuwa Abuja tafiyar shan ruwa ce. Yanzu daga Masaka gosulo yake kama mutum, ya ja shi ta Mararaba har Nyanya, masu talla suna bin gilashi da ruwan leda da cajar waya. Faifan yakan zagaya sau uku kafin mu isa. Na yarda, akwai ranar da na ga layin da ke tafiya, na zauna a wanda ya tsaya.

Abin da nake nema ba shi da yawa. So nake ya ce ya san rana za ta lalata faya-fayan, shi ke nan. Watanni suka wuce bai ce ba. Ya daina cewa in kashe, yakan juya fuska wajen taga. Sau ɗaya na ga yatsansa yana motsi a kan gwiwa daidai da ganga, amma tsofaffi hannunsu yana rawa, ba zan kafa hujja da wannan ba.

Sai wani mako wayata ta faɗa ruwa, tana wurin mai gyara. Muka tafi shiru. Muna shiga Masaka ya yi gyaran murya.

"Uwata, yau ba ki zo da ita ba?"

"Da wa, Baba?"

"Autarmu mana. Akwai wurin nan a ta huɗu, inda take guɗa. Muryar uwarmu ce sak. Tun ɗazu nake jira."

Na bari wata tirela ta wuce, sannan na ce, "Baba, ranar da kuka shanya su, kun san abin da rana za ta yi musu?"

Ya daɗe yana kallon gaba da idon da ba ya gani sosai. Ya ce, "An daɗe, Uwata. Wa zai tuna?"

Ni na tuna. Da aka gyara wayar na sa ta a jaka, na bar ta a can. Mako biyu bayan nan ya tambaya ko ta gyaru, na ce ta gyaru. Ya ce, "To?" Na ce, "Ba yau ba, Baba." Tun daga ranar ban sake sa masa ba.

An sare mangwaron gidanmu, an yanka tsakar gidan ɗakuna-ɗakuna na haya. A cocin da aka ce kiɗan Gwaggo na otal ne, yanzu akwai gita biyu da jerin ganguna, 'yata tana cikin mawaƙa, takan je gwajin waƙa da wando, Baba Babba kuma yana zaune a kujerar gaba yana tafi. Yaran yanzu suna haɗa kiɗan da suka ga dama a waya, ba mai tambayarsu na wace ƙabila ne ko na wane addini. Ina taya su murna, amma in na ce ba na jin ɗaci na yi ƙarya. Da Gwaggo ta zo a makare da shekara talatin, da ƙila ana jin ta a kowace motar haya.

Na san abin da fasto zai ce mini, na san ayoyin yafiya, ni ma na koyar da su. Mai yiwuwa ni ce da laifi yanzu, tsoho ne, kuma kwanakinsa ba su da yawa. Ina tunanin wannan fiye da yadda kake zato. Amma ranar Alhamis za mu sake tafiya, kuma na san daidai Masaka zai tambaya. Ranar da ya ce ya sani, zan faka a gefen titi in sa masa ta huɗu, sau nawa yake so. In bai ce ba, hanyar tana da tsawo, ni kuma na iya shiru. A gidansa na koya.