Fim ɗin da Baba ya kalla shi kaɗai

Ana idar da sallar asuba muka bar Rusholme, unguwarmu a Manchester, ni da Baba, yayyafi yana dukan gilashin mota. Gidan ƙanena muka nufa a Birmingham, kuma ba zumunci kaɗai ya fitar da mu ba. Tun rasuwar Umma Baba ya daina hira. Wata biyu da zuwansa daga Kano, daga "to" sai "Allah ya yi albarka". Saura mako guda ya tafi, ni kuwa ina tsoron ya koma yadda ya zo.

Na riga na gwada kai shi silima a Manchester, don na san da ƙuruciya ba ya wasa da silimar Kano marar rufi, inda 'yan kallo ke yi wa jarumi ihu. Ana cikin kallo Baba ya ɗaga murya, "Kai, ga shi nan bayanka!" Wata mata ta juyo ta ɗora yatsa a baki. Har aka tashi bai ƙara motsi ba. Da ƙanena ya ji, ya ce in kawo shi ya gwada gilashin VR, wanda ake ɗaurawa a fuska mutum ya tsinci kansa a tsakiyar fim, ya yi surutunsa ba mai hararar sa.

Hanyar M6 tana nan yadda na san ta, manyan motoci da gyaran da ba ya ƙarewa. Muka wuce tumaki ƙosassu, waɗanda a da sai Baba ya yi musu kuɗi ɗaya bayan ɗaya, amma ko kallo ba su ishe shi ba. A wurin hutawa na saya mana shayi tsararo, da tsadar da na gode Allah bai tambaya ba.

Sparkbrook, unguwar ƙanena, ta tarbe mu da ƙamshin gasasshen nama a Stratford Road, ga masallatai kusa da kusa. Matar ƙanena ta yi tuwon semo da miyar kuka. Bayan azahar aka lallashi Baba ya cire hula, aka ɗaura masa na'urar.

"Baba, ka yi relaxing kawai, ka saki jiki, kar ka miƙe," in ji ƙanena.

Fim ne na wasu masunta da guguwa ta rutsa a teku. Muna kallo ya damƙe hannun kujera, ya sunkuya, ya ce a riƙe igiya. Can ya zungure ni da gwiwar hannu, "Kin ga wannan?" Ni bango kawai nake gani. Da aka gama ya mayar da hularsa, ya ce abin mamaki ne, amma shi kaɗai aka bari a cikin ruwa. Na ɗauka mun yi tafiyar banza.

Bayan la'asar muka kamo hanya. Don kawai in kori shirun na tambaye shi ko masuntan sun tsira.

"Au, ashe ba ki gani ba, Uwata?"

Ya gyara zama, ya ɗauko labarin tun daga farko. Ya yi muryar tsohon matuƙi, ya yi kukan iska, har ya ƙara abin da na tabbata babu shi a fim ɗin. Muka wuce garin Stoke yana tsakiyar teku.

Abin da na koya ke nan a tafiyar. Silima ta ba Baba jama'a ta hana shi magana, na'ura ta bar shi ya yi magana ba kowa a gefensa. Shi kuwa mai sauraro yake nema, kuma wata biyu ina gidan ban tambaye shi komai ba sai magani da abinci.

Mun iso ƙofar gida magariba ta kawo kai. Na kashe mota zan buɗe ƙofa, ya riƙe min hannu.

"Tsaya, ban kai ƙarshe ba. Ummanku ba ta taɓa shiga silima ba, amma duk fim ɗin da na gani sai da ta ji shi har ƙarshe."

Na saki ƙofar, na gyara zama.