Cukun Basiratu, Sunan Haske

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Lahadi a Filinge ya san Basiratu mai cuku. Ko bai san sunanta ba ya san fuskarta, don ba ta cika sakinta ba. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ba zan yi mata kara ba: matar nan tana da kishi. Sai dai kishin nata ba na banza ba ne.

Uwarta, marigayiya Haske, ta koyi yin cuku wurin Buzayen Imanan tun tana budurwa. Ta yi suna har fasinjojin Yamai ba su cewa a ba su cuku, sai dai su ce a ba su na Haske. Ƴaƴanta mata biyu ne. Basiratu, babbar, ita ke tarbar masu madara da sassafe, ita ke shimfiɗa cukun a kan ƴar tabarmar kara, ita ke korar ƙuda har ya bushe. Ƙaramar, Samiratu, aka sa lakwal, wato makarantar boko, ta yi aure a Yamai. Wannan ko ƙaurin madara ta ji sai ta toshe hanci.

Bayan rasuwar tsohuwa, wani mai babban kanti a Yamai ya ce zai riƙa karɓar cukun Basiratu, amma sai ta yi wa sana'ar rajista, an buga suna a jikin leda. Ta ci ado ta hau mota. A biro, ofishin rajista, ma'aikacin ya tambaye ta sunan da za a sa, ta ce Cukun Haske, tana ɗaga kai. Ya duba na'urarsa, ya ce an riga an ɗauki wannan sunan.

"Wa yaɗ ɗauki sunan uwata?" in ji ta.

Samiratu ce, tun bara. Basiratu ta ce to a rubuta Cukun Haske na Gaskiya. Ya ce doka ba ta yarda da sunan da zai sa mai saye ya ruɗe tsakanin kaya biyu ba.

Tana dawowa gida ba ta ko cire gyale ba ta wuce wurin Malam Isufu, wanda ya raba musu gado. Ta ce, "Malam, kun raba gida, kun raba awaki, kun mance abu guda. Sunan Inna hwa?" Malam ya ce shi dai bai taɓa ganin an sa suna cikin rabon gado ba. Aka kira Samiratu a waya. Ta ce, "Haba Yaya, ai ni ma ɗiyatta ce. Kuma ni nar riga ki zuwa biro." Ranar har gidana ina jin Basiratu tana faɗa da tukwane.

Dole ta koma ta rubuta Cukun Basiratu. Mai kanti ya jera shi kusa da na Haske, masu saye suka riƙa tsallake shi, mai kantin kuma ya daina aikowa a karɓo. Abin da ya rufa mata asiri shi ne Zakari, direban motar Yamai, wanda ya shiga saye kusan duk abin da ta kawo kasuwa, ba ya ko taya.

Wata rana na je Yamai asibiti, na ga Cukun Haske a kanti cikin leda mai sheƙi, na sayo mata. Na so in ji me za ta ce. Ta yage ledar tana shirin zagi, sai ta tsaya. Ta juya shi, ta shafa zanen tabarmar da ke bayansa, ta gutsura. Nata ne. Zakari ƙanwarta yake kai wa, ita kuma ta sa a leda, Yamai na ta yabon hannun Samiratu.

Basiratu ta rantse ko ɓallin cukunta ba zai ƙara shiga motar nan ba. Lahadi ta zo, Zakari ya zo, ta kau da kai. Bai yi musu ba, ya gangara rumfar gaba, wurin wata da kowa ya san da madarar gari take yin nata, mai tauri kamar fatar takalmi. Muna kallo ya fara lodawa a kwali.

Basiratu ta dube ni, idonta ya kaɗa. Ta ce, "Wanga abu za a rubuta ma sunan Inna?"

Ta miƙe ta ƙwala masa kira har mahauta suka waiwayo. Ta sa ya mayar, ta zauna tana zaɓar masa waɗanda suka fi kyau, ɗaya bayan ɗaya, tana tsaki, hawaye na sauka a kan zanenta. Masu ɗan tabo ta ware gefe, su za ta sa a ledar da ke ɗauke da sunanta.