Birkin Motar Ya Kellu

Na daɗe ina shakkar mutum mai fushi. Shekarun da na yi ina karatu a ƙasar waje sun bar mini wata ɗabi'a: da na ji an ɗaga murya, sai in ɗauka hujja ce ta ƙare. Don haka ranar da gwaggona ta shigo gidanmu a unguwar Birni ta Damagaram tana cewa birkin motarta ya lalace, kuma duk mazan tasha sun mai da ita mahaukaciya, a raina ban ba ta gaskiya ba. Ba ta taɓa tuƙa mota ba. Ko keke ba ta iya ba.

Ƙanwar babana ce, amma uwarta Babarbariya ce, shi ya sa duk unguwa ke kiran ta Ya Kellu. Mijinta Tahiru direba ne, ya yi rayuwarsa a kan hanyar Damagaram zuwa Gidimuni. Da ya rasu ya bar mata yara da wata tsohuwar mota doguwa mai ƙarfen ɗaura kaya a sama. Dangi suka ce a sayar. Ta ƙi, ta miƙa makulli ga Safiyanu, ƙanin marigayin. Kowace ranar kasuwar Gidimuni ita ce a kujerar gaba, bayanta kuma matan unguwa masu saro kabeji da albasa da rake. Yawancinsu mazansu ba su barin su tafiya sai don an ce Ya Kellu na ciki.

Tun ƙarshen damina ta lura da gwiwar Safiyanu. In za ya tsaya, sai gwiwar ta tashi ta sauka, ta sake tashi ta sauka, sannan motar ta kama. Gwiwar Tahiru ba ta yin haka.

"Safiyanu, birkin nan ba lafiya," ta ce masa a hanya.

"Matata, har kin fara kallon ƙafata? Bari dai a ɗaura tukuna."

Matan baya suka kwashe da dariya. Wasan ƙanin miji da matar wa ne, sun shekara da shekaru suna yin sa, kuma wanda ya yi fushi a cikinsa shi ake wa dariya. Duk lokacin da ta tayar da maganar, haka take ƙarewa. Har 'yan tasha suka ɗauka, in sun gan ta sai su ce, "Ya Kellu, yaya gwiwar maigida?"

Sai wata rana, suna dawowa da kaya cike, kusa da Mirriya amalanken jaki ya fito kan titi, wata mata na kai da jarkokin ruwa. Motar ta tsaya, amma sai da hancinta ya taɓa jarka. Washegari Ya Kellu ta sa aka kai ta wurin Kyari makanisiye, mai gyaran mota. Kyari ya ce wa Safiyanu ya taka, Safiyanu ya taka ya ce birki na da ƙarfi, aka ce mata ta kwantar da hankalinta.

Abin da ya kawo ta gidanmu ke nan. "Mahamud, ka yi permin tuƙi a can, ko? To tashi ka raka ni."

Garejin Kyari fili ne a bayan tasha, da rumfar kwano da inuwar bishiyar bedi ɗaya. Ya gan mu ya yi ajiyar zuciya, amma bai ƙi ba. Ya ɗaga murfin inji ya buɗe 'yar robar man birki: cike take. Ya kwanta ya shafa bayan kowace taya da hannu, ya bi bututun har baya, ya nuna mata tafinsa a bushe.

"Kin gani, Ya Kellu. Da tana zubarwa da mun ga jiƙa. Safiyanu, shiga ka taka mana."

Wannan karon ni ma gwiwar nake kallo. Ta tashi ta sauka sau biyu, da sauri, kamar ƙiftawar ido.

"Dutse," in ji Safiyanu.

"Sauko," in ji Ya Kellu.

"Haba matata, a gaban mutane..."

"Ni ba matarka ba ce. Matar wanka ce, kuma yana kabari. Sauko mini daga mota."

Masu shan shayi a gindin bedi suka juyo. A garinmu ba a yanke wannan wasan a bainar jama'a, kuma ta san haka. Safiyanu ya sauko bai dubi kowa ba.

Ta juyo gare ni. "Ƙafarka ba ta san motar nan ba. Shiga ka taka sau ɗaya. Ɗaya na ce."

Na taka. Ƙafata ta tafi kamar na taka tuwo, sai dab da ƙasa na ji wani abu ya ɗan riƙe. Na faɗi abin da na ji. Kyari ya matso ya leƙo ta taga.

"To yanzu yi ta takawa har ya yi tauri. Ya yi? Riƙe shi a nan, kada ka danna da ƙarfi, ka ɗora ƙafa kawai. In ya tsaya cak, iska ce a bututu, ko birkin baya ne ya yi nisa da gangarsa, duk aikin yau ne. Me kake ji?"

"Yana sauka."

"A hankali?"

"A hankali. Ya kai ƙasa."

Kyari ya ce tunda mai bai ragu ba kuma birki na nutsewa, to a ciki yake zurarewa, cikin famfon da ke tura man zuwa tayoyi. Ya kwance famfon ya zaro robar ciki. Bakinta ya cinye, ta yi laushi kamar tsohon silifa. Ya ce irin wannan yau ta kama, gobe ta kama, wata rana a taka a ji wayam.

Na zaci za ta huce tunda gaskiyarta ta fito. Sai ma ta ƙara hawa.

"Kai Kyari, mota na kawo maka rannan ko direba? Shekara nawa Tahiru na zama a rumfar nan, ka kasa sa ƙafarka da kanka?"

"Ya Kellu, shi ke jan ta kullum, shi na ɗauka ya fi kowa..."

"Ni ke cikinta kullum. Ni ba ka tambaye ni ba."

Ta juya kan Safiyanu. "Tun yaushe?"

"Da farko na sani, Yaya. Daga baya ƙafar ce ke yi da kanta, wallahi har na manta. Na ga in aka ajiye motar, matan nan za su koma wata, ba lalle su dawo ba. Kuma ai tana tsayawa."

"Tana tsayawa." Ta maimaita maganarsa. "Hasana na da ciki, a bayanka take zama. Ummul Khairi da jikanta a cinya take tafiya. Mazansu ni suka ba amana, ba kai ba. Na yi ta faɗa maka, kana mai da ni abin dariyar tasha."

Ta miƙa hannu. Ya ɗora mata makulli, ta ɗaure shi a bakin zanenta.

Kyari ya zaga gari bai samu robar da ta dace ba, sai an aiko daga Maraɗi. Ranar kasuwa ta zo motar na gareji, matan suka shiga wata, kamar yadda Safiyanu ya ji tsoro. Ya Kellu ba ta je ba. Matar Safiyanu ta zo ban haƙuri da yara a bayanta, gwaggo ta ba su abinci, amma maganar makulli ba ta amsa ba.

Ranar da aka gama gyara na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Fushin bai bar fuskarta ba. Na tambaye ta ko za ta mayar masa da motar.

"Zan mayar. 'Ya'yansa da ita suke ci, nawa ma haka," ta ce, ba ta ɗago ba. "Amma sai ya bi gidajen matan nan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya gaban mazansu, ya faɗa da bakinsa a kan wane irin birki ya riƙa ɗaukar musu iyali. Wadda ta yarda ta sake shiga bayan ta ji, ita za ya ɗauka."