Ɗakin da Hure Ta Shafe da Makuba

A Birnin Kebbi ta zamanin Turawa, in ka shiga ɗaki haske ya kashe maka ido, kada ka tambaya, hannun Hure ne. Shafen ɗakuna sana'arta, kuma farar ƙasa kaɗai ta yarda da ita. In mace ta ce mata makuba take so, ruwan ɓawon ɗorawan nan mai baƙanta bango, sai Hure ta taɓe baki ta ce, "Ke ko jemage ce?"

Sai ga shekarar agana. Duba-gari na bin gida gida, duk wanda ya gani da ƙuraje a kwashe shi sai bukkokin bayan gari, kuma Hure ba ta san wanda ya dawo daga can ba. Ranar da ƙuraje suka feso wa Sakinatu, ɗiyarta tilo, sai Hure ta ja ta cikin ɗaki. Ta dubi bangon nan fari tas, wanda ko ƙuda ya sauka sai an gan shi. Ina za ta ɓoye yarinya a nan?

Nan take ta jiƙa ɓawon ɗorawa, ta shafe bango, ta sake shafewa, ta toshe 'yar tagar da tsumma. Ɗaki ya koma kamar cikin tukunya.

Da duba-gari ya zo, ya leƙa daga bakin ƙofa ya ce, "Baiwar Allah, akwai kowa ciki?"

"Babu, ranka ya daɗe, tarkace ne."

Da Sakinatu ta yi tari ɗaya, shi ke nan. Bai ga komai ba, ya wuce.

A cikin duhun nan Hure ta yi jinya, tana laluben bakin yarinya ta ba ta kunu, ko fuskarta ba ta gani sosai. Cikin ikon Allah, Sakinatu ta warke. Don murna Hure ta kwantar da ita a inuwar rumfa, ta kankare bango, ta mayar da farar ƙasarta, ta cire tsumman taga. Sannan ta ɗauko ta, ta zaunar da ita tsakiyar ɗaki, rana na zubowa a fuskarta.

"To, Sakinatu, dubi ɗakinmu."

Yarinya ta juya kai nan, ta juya can.

"Inna," ta ce, "yaushe za ki goge makubar? Na gaji da wanga duhu."