Tsamiyar Gulma

Jiya ɗiyata da ke karatu a Ireland ta ce wata Ba'amurkiya ta zo garinsu tana bin tsofaffin takardun coci, tana neman ƙauyen da aka haifi kakan kakanta. Nan take marigayiya kakata ta faɗo mini a rai.

Ita asalinmu duk a kanta yake. Ina yarinya ta kai ni garin Gulma, gindin wata tsamiya, inda tsohon gidanmu ya zama gonar gero. Ƙasa na ƙamshin ruwan fari. Ta dafa kaina.

"Nan anka bizne cibiyar kakanki. Riƙe wurin ga."

Ni kuwa tsintar tsamiya nake yi. Bara na koma, na tarar da tsamiya uku, na rasa wacce ce.

Allah Ya haskaka kabarinki, Kaka. Ki yafe mini.