Sabon Ƙarfen da Aka Haifa da Tsufa

Mijina Zephaniah Mlotshwa ba ya jin kira in yana rumfar bayan gida. Amma a ce babur ya gifta ta layinmu na Sizinda, ko da lomar tuwo a bakinsa sai ya dakata ya ce, "Bawul ɗin wancan ya saki." Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina fama da wannan hali. Talatin da huɗu daga ciki ya yi su yana fiƙe ƙarfe a ma'aikatar gyaran jirgin ƙasa ta nan Bulawayo. A can ne suka laƙaba masa Zipho, wato farce, don kafin ya ɗauko ma'auni sai ya bi ƙarfe da farcen babban yatsansa ya faɗi abin da ma'aunin zai faɗa. Na sha gaya masa da yana kula da rufin ɗakinmu yadda yake kula da farcen nan, da ban riƙa tara kwano kowace damina ba.

Amininsa Elias Mhlanga malamin gona ne, yana da tsohon babur BSA mai fistan ɗaya da ya saya a gwanjo tun yana saurayi. Duk unguwa ta san kukansa. Ƙarfe biyar da rabi, da ya karyo kwanar layin dogo za ka ji dum, dum, dum, sai matarsa MaTshuma ta ɗora butar shayi. Babur ɗin ya riga mai shi kwanciya da wata takwas. Bara Elias ya bi shi, ya rasu.

Da shekara ta kusa zagayowa, aka sa ranar da dangi za su je makabarta su kira ruhinsa su dawo da shi gida, kamar yadda ake yi wa kowane magidanci a al'adarmu. Saura mako goma MaTshuma ta shigo gidanmu da baƙaƙen kayanta, ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma.

"Baban Nomusa," ta ce wa mijina, "mutumin nan bai taɓa dawowa gida da ƙafa ba. In ba kukan babur ɗinsa ya ji ba, ina tsoron ba zai biyo su ba."

Mijina bai ko dube ni ba ya ce, "Zai yi magana, matar aminina. Na ba ki bakina."

Bayan ta tafi na ce masa, "Da wane idon? Na hagun da yanar ido ta rufe, ko na daman da ke kiran tinkiya kare?"

"Da naki mana, Maman Nomusa. In ba haka ba me ya sa na aure ki?"

Haka na zama 'yar karanta lamba da tsufana. Shi ya matse ma'auni a jikin ƙarfe, ni in sa tabarau in karanta masa, in na yi kuskure ya ce ashe kuɗin makarantar da ubana ya biya asara ce.

Kamfanin da ya ƙera babur ɗin ya daɗe da daina yinsa, sai kayan kwaikwayo da wasu maƙera ke yi a ƙasashen waje. Mehluli, babban ɗan Elias da ke aiki a Goli, can Afirka ta Kudu, shi ya yi odarsu ta waya, masu jigilar kaya suka kawo mana a kwali. Fistan, ringi, bawul, da wasu ƙarafa biyu masu haƙora, kowanne da tozo irin na bijimi. Tozon nan shi ke tura bawul ya buɗe, inji ya shaƙi iska ya fitar. Komai sabo fil, naɗe cikin takarda mai maiƙo. Zephaniah ya gyara abin da ke neman gyara, nan ya rage, can ya sake zaren noti, cikin mako huɗu ya haɗa injin.

Saura kwana tara aka gwada shi a tsakar gidan MaTshuma. Mehluli ma ya iso. A bugu na uku babur ya tashi, maƙwabta suka leƙo ta kan shinge suna tafi. MaTshuma ta saurara ta saurara, sai hawaye.

"Shi ne," ta ce. "Haka yake yi a shekarun ƙarshe. Har hakin."

Kowa ya ji daɗi ban da mutum ɗaya. Na san fuskar nan tasa, irin wadda yake yi in gishiri ya yi wa miya yawa amma akwai baƙi. Ya kashe injin, ya tura babur ɗin zuwa gidanmu.

Washegari da hantsi na same shi ya buɗe gefen injin, sababbin ƙarafan nan biyu a hannu ɗaya, tsofaffin na Elias a ɗayan. Ya ce in karanta. Na karanta tsayin sabon tozo, na karanta na tsohon. Bambancin bai kai kaurin takarda ba.

"To ai sun yi daidai," na ce. "Me kuma kake nema?"

"Daidai da me? Da ƙarfen da ya yi shekara sittin yana cin kansa?" Ya girgiza kai. "Wanda ya kwaikwayi abin nan tsohon da ya cinye ya samu ya auna. Gwani ne kuwa, ko gashi bai kuskure ba. Ya kwafi tsufan har da shi. Sabo ne, amma da furfurarsa aka haife shi."

Sai ya kama yatsana ya ɗora a bakin tsohon tozon. Ni ban ji komai ba. Ya bi wurin da farcensa, na ji ƙas. Ashe abin da ke gogar tozon bai kai faɗinsa ba, ya bar wani siririn layi a gefe, kamar zare, da bai taɓa shafa ba tun ranar da aka ƙera shi. Asalin tsayin tozon yana nan a layin. Tsohon da muka kusa jefarwa a bola shi ke riƙe da gaskiyar.

Da Mehluli ya ji za a yi wa sababbin ƙarafa walda a ƙara musu tozo, sai ga shi a guje.

"Baba, don Allah ku bar shi. Yana tashi, mahaifiyata ta yarda. In zafin walda ya fasa su fa? Wata guda kaya ke yi a hanya."

"In sun fashe, babu babur ranar," in ji mijina. "Na sani."

"To don me?"

"Ɗana, ni na riƙe ubanka a asibiti yana neman numfashi. Ba zan dawo da shi gidansa yana haki ba."

Mehluli ya juyo wurina. "Mama, ku yi masa magana."

Tsoro nake ji ƙwarai, don in abin ya ɓaci, sunan da mutumin nan ya yi shekara hamsin yana ginawa a Sizinda shi zai zama wanda ya hana mamaci dawowa gida saboda taurin kai. Amma na ce wa yaron, "In ka ga ya sa farce a abu, sai haƙuri. Ni ma haka na gan shi na aura."

Zephaniah ya yanko gwangwanin madara ya fitar da siffar layin nan a jikinsa. Ya yi waldar da safe, kafin a ɗauke wuta, a hankali, ɗigo bayan ɗigo. Sannan ya kwashe min tokar murhu kaf, da zafinta, ya binne ƙarafan a ciki don su huce sannu. Yini da kwana ba mu san matsayinmu ba. Da gari ya waye ya tono su, ya rataye kowanne da zare, ya ƙwanƙwasa da sifana. Na farko ya yi ƙara tas. Na biyu ma haka. Da akwai tsaga da sun yi kukan fasasshiyar tukunya. Sai a lokacin ya nemi abinci, ya cinye tuwon jiya da nono har yana tambaya ko da saura.

Kwana biyar ya yi yana wasa tozon. In da wuta ya yi da inji, in babu ya koma dutsen hannu, ya goga, ya ɗora gwangwani, ya ɗaga wa rana, ni in duba in ce masa ga inda haske ke ɓullowa. A rana ta huɗu farcen ya tsage har tsoka. Ya naɗe shi da tsumma ya ci gaba da na hagu. Ana gobe taron ya gama haɗawa da la'asar, ya ƙi tayar da shi, wai ba zai sa unguwa ta ji kafin mai shi ba. Na kira shi sunaye da yawa ranar, ba zan maimaita su ba.

Da sassafe maza suka ɗora babur a bayan mota suka tafi makabarta. Mu mata muka zauna da MaTshuma, ana ta tuƙa tuwo, tulunan giyar dawa jere a inuwa. Ni kuwa muciya ce a hannuna amma kunnena yana kwanar layin dogo. Rana ta ɗaga, ba mu ji komai ba.

Can sai ga shi. Dum. Dum. Dum. Mai kauri, daga ƙirji, kowane bugu a cike, babu haki ko kaɗan. Mehluli ke tuƙi a hankali gaban jerin mutane, tsohona a bayansa ya karkata kai yana saurare, yatsa naɗe da tsumma.

MaTshuma ta miƙe tsaye. Ta riƙe hannuna har ya yi min zafi.

"MaNyathi," ta ce da ni, "wannan ba na bara ba ne. Haka ya yi kuka ranar da ya zo gidan babana a Filabusi neman aurena."

Ta sake ni ta shige kicin. Mata sun fi ashirin a gidan, kowace a shirye take ta yi mata aiki, amma da hannunta ta ɗora butar shayi, ta ɗauko kofin tasa na Elias daga saman kabad ta ɗauraye.

Zephaniah ya sauko da ƙyar, gwiwa ta riƙe. Na tsaya ina kallonsa a gaban duk Sizinda, kuma ban ɓoye ba, alfahari ya cika ni har wuya. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Kin ji shi?"

"Na ji," na ce. "Saura rufin ɗaki."